Yadda Ake Tanƙwara Katako Ba Tare da Ya Karye Ba

Kafintan da yake son ya yi wa kujera zagayayyen baya, ko ya ɗora wa ƙofa baka a samanta, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya samo faffaɗan katako ya zana lanƙwasar a kansa ya bi da zarto, ko kuwa ya ɗauki miƙaƙƙen katako ya tanƙwara shi. Hanyar farko aka fi bi a shagunanmu saboda sauƙinta, sai dai tana cin katako, kuma abin da aka yi da ita bai cika ƙarko ba, domin zarto yana datse jijiyoyin itacen a daidai inda lanƙwasar ta fi tsanani, nan ne kuma kujerar take fara tsagewa da zarar an jingina da ita da ƙarfi. Katakon da aka tanƙwara kuwa jijiyoyinsa suna bin lanƙwasar daga wannan kai zuwa wancan ba tare da sun yanke ba, shi ya sa siririnsa ma yakan ɗauki nauyin da kakkauran yankakke ba zai ɗauka ba.

Abin da ke faruwa a cikin itace

Kusan rabin jikin busasshen itace wasu siraran zaruruwa ne da masana ke kira selulos, waɗanda suka miƙe tare da tsawon bishiyar. Abin da ya haɗe su wuri guda shi ne wani sinadari mai suna liginin, wanda yake kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyin itacen. Lamarin ya yi kama da tsinkayen tsintsiya da aka tsoma a cikin ƙaro aka bari ya bushe: muddin ƙaron yana da tauri, damin ba ya lanƙwasuwa sai dai ya karye, amma da zarar ya yi laushi sai tsinkayen su riƙa zamewa a jikin juna. Busasshen liginin ba ya laushi sai zafi ya kusa digiri 200 a ma'aunin Salsiyos, zafin da yake fara lalata itacen kansa. Idan kuwa akwai danshi a jikinsa, yana laushi tun kafin zafi ya kai digiri 100, wato zafin da tafasasshen ruwa yake bayarwa. Wannan ne dalilin da ya sa zafi da danshi suke tafiya tare a wannan sana'a. Da Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tarbiyyar yara yake nufi, amma maganar gaskiya ce har a kan itacen, kuma masu kafa bukka da masu saƙa gado da rassan geza sun daɗe suna aiki da ita.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci, wanda duk dabarun da za a ambata a nan a kansa suka dogara. Idan aka tanƙwara katako, bayan lanƙwasar yana miƙewa ya ƙara tsawo, cikinta kuma yana matsewa ya rage tsawo. Itace yana jure matsi sosai, amma ba ya jure ja. Katako mai kyau da ya sha tururi yana iya matsewa da kusan kashi 25 cikin 100 na tsawonsa ba tare da ya lalace ba, alhali kuwa idan aka ja shi ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, sai ya tsage.

Lissafin ba shi da wuya. A raba kaurin katakon biyu, sannan a raba abin da aka samu da rabin faɗin da'irar da ake son lanƙwasar ta bi. Katako mai kaurin milimita 25, wato inci 1, idan za a naɗa shi a da'ira mai faɗin santimita 50, rabin kaurinsa milimita 12.5 ne, rabin faɗin da'irar kuma milimita 250, sakamakon ya zama kashi 5 cikin 100. Wannan ya ninka abin da bayan katakon zai iya ɗauka, don haka zai tsage ko da ya wuni a cikin tururi. Mafita uku ce kawai: a hana bayan katakon miƙewa, ko a rage kaurinsa, ko a rage naman cikinsa.

Tururi da ɗamarar ƙarfe

Mutumin da ya mayar da mafita ta farko sana'ar masana'anta shi ne Michael Thonet, wani kafinta da aka haifa a garin Boppard na ƙasar Jamus a 1796, wanda ya koma birnin Vienna na Ostiriya a 1842. Da farko yana manna siraran fallayen katako ne da gam, daga baya ya gano cewa idan aka shimfiɗa ƙarfe a bayan katakon da ya sha tururi, aka kama kawunansa biyu gam, ƙarfen ne zai ɗauki jan, katakon kuma ba shi da zaɓi sai ya matse. Kujerarsa mai lamba 14 da ta fito a 1859 guntayen katako 6 ce da sukurori 10 da noti 2, ana kuma iya zuba kujeru 36 da ba a harhaɗa ba a cikin akwati mai mita 1 ta kowace fuska. Zuwa 1930 an sayar da kusan miliyan 50. A misalinmu na sama, idan aka sa wannan ɗamara, jan da ke bayan katakon yana kusan ɓacewa, cikinsa kuma ya matse da kimanin kashi 10 cikin 100, abin da itace mai kyau yake ɗauka ba tare da wahala ba.

Zaɓen katako shi ne rabin aikin. Itatuwan da suka yi suna wajen karɓar tururi yawancinsu na ƙasashe masu sanyi ne, kamar waɗanda ake kira oak da ash da Turanci, da kuma bic, wanda Thonet ya yi amfani da shi. Dangin fayin, wato bishiyoyi masu ganye kamar allura, ba sa yi. Katakon ƙasashe masu zafi irin su maɗaci, wanda jijiyoyinsa suke sarƙe da juna, sukan ba da wahala, ba sa kuma yarda da lanƙwasa mai tsanani. Saboda haka kada a sayi katakon aiki gaba ɗaya sai an gwada 'yan guntaye daga irinsa. Abin da za a duba shi ne jijiya ta miƙe sambal tare da tsawon katakon. Idan tana karkacewa tana fita ta gefe da fiye da santimita 1 a kowane santimita 15, a ajiye shi don wani aikin. Ƙulli, ko ramin ƙwaro, ko 'yar tsaga, duk nan ne karaya take farawa. Wanda ya samu ɗanyen gungume, faskara shi ya fi yanka shi da zarto, domin faskare jijiya yake bi.

Danshin da aka fi so shi ne kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Katakon da aka busar a ɗakin zafi na masana'anta bai cika tanƙwaruwa da kyau ba, ko da an sake jiƙa shi. Wanda iska ta busar ya fi, amma idan ya sha hunturu ya bushe ƙayau, a tsoma shi a ruwa na 'yan kwanaki kafin ranar aiki. A fere shi a kai shi kaurin da ake so tun yana miƙe, a goge shi da samfefa, a ɗan kashe kaifin gefunansa, domin ƙaramin karce a bayan lanƙwasa ya isa ya zama mafarin tsaga. A kuma bar rarar tsawo a kawunan biyu, saboda kan katako ba ya lanƙwasuwa da kyau, daga baya ake datse shi.

Akwatin tururi dogon akwati ne na katako ko na filawud mai jure ruwa, wanda bai fi kayan aikin girma sosai ba, domin babban akwati ɓarnar tururi ne. A gicciya 'yan sanduna a cikinsa yadda katakon zai hau kansu tururi ya zagaye shi ta ko'ina. A ɗan karkata akwatin, a huda ƙasansa ta ɓangaren da ya fi gangara don ruwan da ya taru ya riƙa ɗiga. Tururin zai fito daga tukunya mai murfi da aka ɗora a kan wuta, ya bi ta tiyo mai jure zafi ya shiga akwatin. Wasu suna amfani da bututun roba na ruwa a maimakon akwati, amma yana saki ya lotsa idan ya ji zafi, sai an tallafe shi da katako. Abu biyu ne ba a wasa da su. Ba a toshe akwatin ruf, dole a bar wa tururi hanyar fita, in ba haka ba akwatin ko tukunyar na iya fashewa. Ba a kuma dafa ruwan a garwa ko jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir.

A soka ma'aunin zafi ta wata 'yar huda a can nesa da inda tururi yake shiga, kada kuma a fara ƙirga lokaci sai ya haura digiri 93. A wuri mai tudu kamar Jos, inda ruwa yake tafasa a wajen digiri 96, kada a jira ganin 100, sai dai a lulluɓe akwatin da tsohon bargo a ɗan ƙara lokaci. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce awa 1 ga kowane inci 1 na kauri, ɗanyen itace kuma yakan isa da ƙasa da haka. Idan ruwa ya ja baya a tukunya, tafasasshe ake ƙarawa, domin ruwan sanyi yana yanke tururin, aiki ya koma baya. Wuce lokaci ma illa ne, saboda itacen da ya dahu fiye da kima ƙarfinsa yana raguwa, kuma cikin lanƙwasar yakan tattare.

Kafin a hura wuta, sai an gama shirya matanƙwari, wato kakkauran katakon da aka yanka daidai siffar da ake so, wanda za a naɗa aikin a jikinsa. Ana yin sa da fallayen filawud da aka manna aka ɗaure da sukurori, a kafe shi a kan tebur mai nauyi ko a ƙasa, domin ƙarfin da zai sha ba kaɗan ba ne. A sa lanƙwasarsa ta ɗan fi wadda ake buƙata tsanani, saboda katako yana ɗan warwarewa idan aka sake shi, kuma gwaji ne kaɗai yake nuna yawan warwarewar kowane irin itace. Ɗamarar kuwa fallen ƙarfe ne mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, faɗinsa ya kai na katakon, an kafa masa matokari mai ƙarfi a kowane kai da noti, ɗaya daga cikinsu kuma an haɗa shi da dogon mariƙi. Dole katakon ya shiga tsakanin matokaran biyu cif. Idan akwai rata ko ta 'yan milimita ce, a cike ta da weji, domin wannan 'yar ratar ita ce damar da bayan katakon yake samu ya miƙe ya tsage. Baƙin ƙarfe yana bar wa wasu itatuwa baƙin tabo idan suna jiƙe, don haka a raba su da fallen leda mai kauri.

Daga lokacin da aka buɗe akwati, abin da ake da shi bai fi minti 1 ba kafin katakon ya fara hucewa, siririn ma bai kai haka ba. Saboda haka mutum biyu ake so, kowa ya san aikinsa, an kuma gwada motsin tun katakon yana da sanyi. A sa safar hannu mai kauri, a kawar da fuska daga bakin akwatin yayin buɗewa, domin ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Ɗaya ya zaro katakon ya cusa shi a ɗamara, ɗayan ya matse kansa a jikin matanƙwari, sannan a ja mariƙin a hankali, ja ɗaya mai ɗorewa, ba fizga ba tsayawa. Mai ja zai ji a hannunsa yadda katakon yake turjewa da farko sannan ya saki, fuskarsa tana hayaƙi, ruwa yana tsattsafowa ta kawunansa. Ƙaramar ƙara ba komai ba ce, amma idan aka ga wata 'yar jijiya ta ɗaga a baya, a danne ta nan take da guntun katako da ƙarfen matsewa kafin ta yi nisa. Da an kai ƙarshe a ɗaure.

A bar shi a haka ya huce sarai, sannan a mayar da shi kan wani abin da zai riƙe siffar, ko a ɗaure kawunansa da igiya ko da katakon da aka gicciya, ya bushe a inuwa na mako 1 ko fiye, gwargwadon kaurinsa. Sanyi yana mayar wa liginin taurinsa, amma bushewa ce take tabbatar da siffar. Da hunturu a shafa wa kawunan fenti ko kakin zuma don kada su bushe da gaggawa su dare. Wanda ya lalace ma kada a jefar da shi ba a duba ba: tsaga a baya tana nuna ɗamara ta yi sako-sako, ko jijiya ta karkace, ko zafi bai ratsa ba, tattarewa a ciki kuma tana nuna an wuce lokaci ko lanƙwasar ta fi ƙarfin wannan itace. Ko ƙwararru sukan tanadi rarar katako saboda asarar da ba a rasawa.

Manna siraran fallaye

Ga kafintan da yake sayen katako a kasuwa, bai san yadda aka yanka shi ba balle ya zaɓi jijiya, wannan hanya ta fi tururi tabbas, kuma a ganina da ita ya kamata ya fara. Tana karɓar kusan kowane irin itace, har da maɗacin da yake gardama da tururi, ba ta kuma buƙatar wuta. Da ita ne Alvar Aalto, wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Finland, ya yi kujerunsa da suka shahara a shekarun 1930. Sirrinta yana cikin lissafin da ya gabata: idan kauri ya ragu, jan da ke baya yana raguwa daidai gwargwado, ƙarfin da ake buƙata don tanƙwarawa kuma yana raguwa fiye da haka, domin fallen da aka raba kaurinsa biyu ya fi sauƙin lanƙwasawa sau 8.

A tsaga katako zuwa fallaye masu kaurin milimita 2 zuwa 3. Kafin a tsaga, a ja layi biyu masu haɗuwa kamar kan mashi a gefensa, yadda za a iya mayar da fallayen bisa jerinsu na asali, jijiya ta dace da jijiya har haɗin ya kusa ɓacewa. A gwada falle ɗaya a jikin matanƙwari da hannu. Idan ya naɗu ba tare da ƙara ba, kaurin ya yi, idan kuwa ya yi ƙara a ƙara sirantawa. A tuna cewa zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, don haka wajen rabin katakon zai tafi a gari, kuma ya kamata wannan ya shiga lissafin kuɗin aiki. A nan busasshen katako ake so, saboda gam ba ya kama jiƙaƙƙe da kyau.

Farin gam da aka saba da shi yana aiki a kan lanƙwasa mai sauƙi, sai dai ko bayan ya bushe yana da ɗan taushi, fallayen kuma sukan ɗan zame da tafiyar lokaci. Gam mai bushewa da tauri, irin na gari da ake damawa da ruwa ko ifoksi mai haɗi biyu, ya fi riƙe siffa, yana kuma ba da lokacin shiryawa. Wannan lokaci yana da muhimmanci a yanayi mai zafi da bushewa, inda farin gam yake fara yin fata kafin a gama shafa wa falle na ƙarshe, shi ya sa ya fi kyau a yi aikin da sassafe. A rufe fuskar matanƙwari da leda ko salatif don kada aikin ya manne da shi. A shafa gam ko'ina ba tare da barin gurbi ba, a jera fallayen, a ɗora wani falle marar gam a bayansu don ya rarraba matsi, sannan a fara matsewa daga tsakiya ana tafiya zuwa kawuna, ƙarafan matsewa kusa da juna. Wanda ba shi da isassun ƙarafa yana iya yanka robar cikin taya dogo-dogo ya naɗe aikin da ita tamau, yana ƙara weji a inda ya ga rata. Alamar matsi ya isa ita ce gam ya tsattsafo a duk tsawon haɗin. A bar shi awa 24 kafin a kwance.

Warwarewa a wannan hanya kaɗan ce, kuma tana raguwa sosai da ƙaruwar fallaye. Ƙiyasin da masu sana'ar suke amfani da shi shi ne a raba zurfin bakan da adadin fallayen da aka ninka da kansa. Baka mai zurfin milimita 160 da aka yi da fallaye 4 zai warware da kimanin milimita 10, amma da fallaye 8 bai fi milimita 2.5 ba.

Tsattsaga ciki da zarto

Wannan ita ce hanya mafi sauri, kuma mafi rauni. Ana yin yanka a jere a gicciye a fuskar da za ta zama cikin lanƙwasa, a bar milimita 2 zuwa 3 ba a ratsa ba, sai katakon ya naɗu yankan suna rufewa. Don a san adadin yankan da kwana irin ta kusurwar ɗaki take buƙata, a ninka zurfin yankan da 1.57, a raba da faɗin bakin zarto. Katako mai kaurin milimita 18 da aka yanka zurfin 15 da zarto mai cin milimita 3 yana buƙatar yanka 8. Idan rabin faɗin da'irar milimita 200 ne, tsawon bakan zai kai 314, wato tazarar kusan milimita 39 tsakanin yanka da yanka. Wanda yake son lanƙwasar ta fi santsi sai ya ƙara yawan yankan ya rage tazarar. A ɗan jiƙa bayan da ruwan ɗumi kafin a naɗa, a cika yankan da gam, a manna siririn filawud a ciki. Ta dace da gaban kanta da ƙawar kabad da duk inda akwai wani abu a baya da yake riƙe da ita, amma ba a yin ƙafar kujera ko wani abin ɗaukar nauyi da ita.

Ga abu siriri ƙwarai, kamar gefen jitar kiɗa mai kaurin milimita 2 ko kewayen rariya, bututun ƙarfe da aka zafafa ya wadatar: a jiƙa fallen, a riƙa goga shi a jikin bututun ana dannawa kaɗan-kaɗan, ana sake yayyafa ruwa duk lokacin da ya bushe don kada ya babbake. Akwai kuma masu laushi da itace da iskar amoniya tsantsa, amma guba ce mai kisa, aikin masana'anta ne mai kayan kariya, ba na shago ba. Gora kuwa a kan wuta ake gasa ta ana jujjuyawa har ta yi gumi, sannan a tanƙwara. Kafin a kai ta wuta a huda gaɓoɓinta ta ciki da dogon rodi, domin iskar da ke kulle a tsakaninsu tana iya fasa ta idan ta yi zafi, a kuma ɗura mata busasshen yashi a toshe kawunan don kada ta lotse a wurin lanƙwasa. Idan ta kai yadda ake so, a riƙe ta a haka a shafe wurin da jiƙaƙƙen tsumma har ya huce, sannan a zazzage yashin.